Zaren da Ya Karkata Hagu

Zuwa ga Mariyatu, sanyin randa a tsakiyar bazarar Sakkwato, inuwar darbejiyata, ruwan fari mai tada ƙamshin ƙasa, hasken da ke kwanciya bisa Gulbin Rima da hantsi. Amincin Allah ya tabbata gare ki. Da hannu mai fenti na riƙe alƙalamin nan, zuciyata kuwa ta ƙi zama wuri ɗaya.

Firam ɗin da kinka ce in yi wa ɗinkinki ya kusa ƙarewa. Maɗaci na zaɓa miki, ba farin katakon da ake ruɗin amare da shi ba. Na bi umarninki duka, ko da yake raina bai so ba. Na shafa kore, na bar shi ya sha iska, na goga kyandir a gefuna, na bi da fari mai ruwan madara. Sannan ni Audi, da hannuna, na ɗauki samfefa ina cin fentin da na shafa har koren ya leƙo. Na buge shi da sarƙar keke, na huhhuda shi da ƙaramar ƙusa kamar ƙwari sun shekara ashirin a cikinsa. Maƙwabcin shagona ya leƙo yana tambaya ko a juji na tsinto shi. Kin dai san ni. Da dakon siminti na fara a Kalambaina, ko guduma ban gada ba, yau kuwa duk Ƙofar Dundaye an san kujerar da ta fito hannuna sai mutum ya ga fuskarsa a jikinta. Wa ya isa ya sa ni tsufar da sabon abu da gangan in ba ke ba?

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare ki a rumfar shagona? Kinka duƙa kinka tsinci ɓawon katako da ya nannaɗe, kinka zura shi a yatsa kamar zobe, kinka ce ƙamshinsa ya fi turaren kanti. Wanga ɓawon yana nan cikin akwatin kayan aikina, na naɗe shi a takarda. Tun daga ranar ban ƙara jan zarto ba tare da sunanki na kai da kawowa a bakina ba. Ke ce daminata, ke ce fadamar da ba ta bushewa, ke ce zumar da ta sa na raina kowane zaƙi.

To amma jiya da hantsi na shimfiɗa ɗinkin don in gwada shi da gilashi. A jikinsa ga kurnar gidanku, ga rijiya a gindinta, ga tsuntsaye uku a reshe. Ni mai awo ne, Mariyatu, karkace ba ya tsere wa idona. Kowane ɗigo zare biyu ne sunka gitta juna. A jikin kurnar kaf, ganye da reshe, zaren sama dama ya kwanta, yadda hannunki ke tafiya. Rijiyar kuwa, can kusurwar ƙasa, hagu ta kwanta. Na juya bayan ƙyallen, ƙullin ma ba irin naki ba ne. Hannu biyu sunka yi wanga aiki, kuma ɗayan na bahago ne.

Bahago guda na sani mai riƙe allura, shi ne Hayatu, maɗinkin hular nan na Ƙofar Atiku, wanda kinka ce wurinsa kike sayen zare. Zare kaɗai, farin watana? Zaren da akwai shi jibge a kasuwa? Benci ɗaya kunka zauna, ƙyalle ɗaya a tsakani, kanki kusa da kansa kuna ƙirga ɗigo? Shi ya gaya miki firam mai ƙyalli ƙauyanci ne? Ɗakin da na gina miki, wanda za ki shiga bayan Babbar Sallah in Allah ya yarda, tuni na kafa ƙusa a bangonsa daidai inda hasken taga ke sauka. Hannun wa zan riƙa kallo a wurin kowace safiya har in tsufa?

Ba zan danne abin da ke wanke ki ba, don ni ba azzalumi ba ne. Da na fitar da ƙyallen rana, na ga zaren rijiyar ya koɗe, ya girmi sauran da shekaru. Nan Inna Kande mahaifiyarki ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Ban riske ta ba, ban san da wane hannu take riƙe allura ba, ke kuma ba ki taɓa gaya mini ba. In ita ta haƙa rijiyar ke kinka dasa kurnar, to na gane mi ya sa kike son firam ɗin ya yi kama da wanda ya daɗe a gida. Sai dai koɗaɗɗen zare yana iya zama tsohon alkawari tsakaninki da Hayatu, wanda ya riga ni shiga zuciyarki. Tsakanin waɗannan biyu nake.

Ban tambayi kowa ba. Ban bi ta Ƙofar Atiku ba, don ba zan kai sunanki bakin titi ba. Ke nake tambaya, tauraruwata, suna ɗaya kawai nake roƙo.

Kin san duk aikin da ya bar shagona sai na ƙona sunana a bayansa da ƙarfe mai zafi. Bayan wanga firam har yanzu fili ne. In Inna ce, da kaina zan ɗauko shi, in durƙusa a zaurenku in nemi gafararki, in ƙona sunanta sama da nawa. In Hayatu ne, zan ƙarasa shi tsaf, don ban saba ba da rabin aiki ba, in aiko miki shi babu suna. Zan zare ƙusar daga bango, ramin da ta bari kuwa ba zan cike shi ba.

Ƙarfen yana cikin garwashi, yana jiran amsarki.

Naki, wanda bai kalli wata ba kuma ba zai kalla ba ko wane suna kinka aiko,

Audi Kafinta,
Ƙofar Dundaye.