Ramatu Na So In Ce Na Kore Ta

Salama alaikum 'ya'yana na wannan guruf. Ni ban yi boko ba, da baki na faɗa admin ta rubuta, na kuma ce ta ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Salaga ce, aure ya kawo ni zangon Yendi. Gidan ubana gidan saukar baƙi ne, 'yan goro da 'yan shanu duk a zaurenmu suke kwana, kuma tun muna yara aka koya mana cewa baƙon da ya sha ruwan randarka ya zama naka, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas, ga yunwa ga gobarar daji, lori ya lalace a tasha da wata mata a ciki, Ramatu, za ta Bawku. Na je tallan koko na same ta zaune kan ƙullin kayanta, ashe ko ta isa ba ta da kowa a can. Na kai ta ɗakin da marigayi maigidana ke ajiye dawa. Tun daga lokacin tana nan, tare muka yi takabata, tare muka aurar da 'ya'yana, yaran unguwa ma ɗauka suke ƙanwata ce.

Yanzu duk mun tsufa, ɗakin nata na ƙasa ne, damina ta cinye bangon, in ana ruwa a lulluɓe da roba take kwana. Sai gwamnati ta kawo wani tsari, sun gina ɗakuna da bulo da kwano na tsofaffin da ba su da wurin kwana. Asambuliman, wato kansilan unguwarmu, ya zo ya duba, ya ce shi ya ga halin da ake ciki, amma dokar ta ce wanda ke ƙarƙashin rufin wani ba ya ciki, sai mai gidan ya shaida a gaban Sarkin Zango cewa ya sallame shi. Na ce masa wanda ya yi dokar nan bai taɓa saukar da baƙo ba.

Da ya tafi Ramatu ta zo ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi min ba, ta ce, "Yaya, ki ce musu kin kore ni. Ni na san ba ki kore ni ba, Allah ma ya sani."

Tun ranar abinci ba ya shiga min. In na faɗa, maganar a bakin mutanen zango za ta zauna har bayan raina, a ce 'yar gidan wane ta kori baƙuwarta da furfura, kuma ƙarya ce a gaban manya. In na yi shiru, ga tari ya kama ta, ban san ko za ta ga wata damina a ɗakin nan ba. 'Ya'yana na Kumasi sun ce za su gyara, bara ma haka suka ce.

Jumma'a za a zauna a gaban Sarkin Zango. Ku gaya min tsakani da Allah, in buɗe baki in kore ta, ko in riƙe ta a ɗakin da zai iya faɗo mata?