Sai Godiya

Laraba da dare, Limawa, Minna, daminar 1987

Barci ya ƙi zuwa. Yau muka ga gwamna, da ma ba mu je ba.

Tun kafin azumi muke taruwa a shagona, mu dillalan doya da masu manyan motoci. Magana ɗaya muka tsayar: gwamnati ta cire shingayen haraji a hanya, don doyarmu ruɓewa take yi a mota kafin ta kai Legas. Muka ce Alhaji Ɗanladi ya yi magana da yawunmu, tunda shi ne babba.

Da muka shiga wajen gwamna, Alhaji ya miƙe ya yi gaisuwa, ya yi godiyar titi, ya yi godiyar ruwan famfo, ya shiga addu'a. Gwamna soja ne, sai duban agogo yake. Can ya katse shi: "Baba, akwai wata damuwa?"

Alhaji ya rusuna. "Babu komai, ranka ya daɗe, sai godiya."

Haka aka tarbiyyantar da mu, sai babba ya sake tambaya kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai. Soja bai sake tambaya ba, ya tashi abinsa.

Mista Yakubu na unguwar Kpakungu, ɗaya daga cikinmu, ya taka mini ƙafa: "Malam Garba, ka yi magana mana!" Ta yaya zan buɗe baki bayan sa'an mahaifina ya rufe zance? Haka muka fito.

Motata tana can a shingen hanyar Bida, ruwa na dukan doya. Da magariba na ji a rediyo wai 'yan kasuwar Minna sun kai wa gwamna ziyarar godiya.