Filashin Surukina Ya Tare Mini Kafar Firinta

Malama, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina da ɗan shagon buga takardu, da tsohuwar kwamfuta mai nawar tsiya, wadda in ka kunna ta sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Kafofinta na sa filash duk sun mutu, saura ɗaya, kuma nan nake jona firinta.

Surukina, mahaifin matata, ya yi ritaya bara, ga shi Allah ya yi wa surukuwata rasuwa. Sai ya ɗauki zuwa shagona kullum, ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Ya ga yadda nake fama, ya je ya yi tambaya, aka ce masa ana iya mai da filash ya zama ƙarin memori, kwamfuta ta yi gudu. Ya sayo, ya sa tabarau, ya bi abin da aka koya masa har ya saita shi da hannunsa. Rabon da in ga dariyarsa irin ta ranar tun kafin rasuwar.

To Malama, saurin da ta ƙara bai taka kara ya karya ba, kuma filashin ya tare kafar firinta. Sau ɗaya na zare shi a gabansa. Ya ninke jaridarsa ya tafi, washegari bai zo ba. Matata ta yi ta kuka wai na kunyata mahaifinta. Na mayar da filashin. Yanzu in aiki ya zo sai in tura ta waya zuwa shagon maƙwabci, in ce zan zaga, in bugo in ɓoyo a riga kamar ɓarawo. Masu kawo aiki sun gane, sun fara wucewa can kai tsaye. Shi kuwa duk wanda ya shigo sai ya nuna masa 'yar wutar filashin tana ƙiftawa. Ni ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle in ce dabararsa ba ta yi ba. Shagon na mutuwa ina kallo, na rasa yadda zan yi.

Suruki Mai Kunya

Amsa:

Ɗan'uwa, na tausaya maka, na kuma yi dariyar ɓoye takarda a riga. Mu fara da na'urar. Baba bai yi shirme ba. Dabarar tana ɗan taimakon tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin memori, amma taimakon kaɗan ne, filash ba ya maye gurbin memorin gaske. Matsalar kafa kuwa mai sauƙi ce. Akwai 'yar na'ura mai baki uku ko huɗu da ake jonawa a kafa ɗaya, ta ɗauki firinta da filash tare. Nemo ta gobe. In kana son sauri na haƙiƙa, mai gyara ya duba ko za a iya ƙara mata memori, ya rage tarkacen da ke tashi da ita in an kunna.

Matarka tana da gaskiya da take kare zuciyar mahaifinta, amma ta sani daga shagon nan ake cefane. Zaunar da ita ka faɗa mata masu aiki suna guduwa, kada ka rage komai. Kunyar suruki ado ce, sai dai ba a ce ka rufe sana'arka saboda ita ba.

Ranar zuwa wurin mai gyara, ka roƙi Baba ya raka ka, ka ce shi ya fara gano inda ciwon yake, kuma gaskiya ka faɗa. Sannan ka ba shi aiki na sosai, ya riƙa duba kurakuran rubutu kafin a buga. Dattijon nan gida ne ya yi masa faɗi, yana neman inda za a ce ana bukatarsa. Ka ce masa kana bukatarsa da bakinka, ko da kanka na sunkuye.

Allah ya buɗa kasuwa, ya jiƙan surukuwarka, ya bar ku tare.