Taliya a Faranti Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Umma. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Jiya bas ta bi da ni ta gaban ɗan gidan abincin Italiyawan nan na unguwar Cheetham Hill, sai na tsinci kaina na sauka.

Kin tuna zuwanmu na farko? Yaya Sani ya samu aikin likita a Birmingham, ya taso takanas ya ce sai kin ɗanɗana abincin Turawa. Kika tsare tsohon mai gidan da tambaya: akwai giya a miyar? Akwai alade? Da ya tabbatar miki tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun, kika ce, "To ai taliya ce, me ake ta zuzutawa?" Kika kuwa cinye tas.

Abin da kika ƙi shi ne kowa da farantinsa. Kika sa mai gidan ya juye mana a babban faranti ɗaya, wai 'ya'yanki ba baƙin juna ba ne. Ni kunya kamar in nutse. Shi kuwa tsohon ya ce haka kakarsa take yi a ƙauyensu. Daga nan duk Asabar ɗin farkon wata, muna shiga zai ɗauko farantin. Ko mun yi cacar baki da Yaya a waya, dole mu sunkuya waje ɗaya.

Umma, ba zan ɓoye miki ba: tun ranar jana'izarki ni da Yaya ba mu yi magana ba. Na ce masa marasa lafiyarsa sun fi ki daraja, tunda bai iso kina da rai ba. Ƙarya nake, zafin rashinki ne, kuma na sani.

Jiya tsohon ya yi mini ta'aziyya, ya kawo ƙaramin faranti, ya tambaye ni ina likita. Na fita waje na kira Yaya. Duk ban haƙurin da na tsara ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne tambayarki ta kullum: ka ci abinci? Sai ya ce ai shi ma bai yafe wa kansa ba. Asabar zai hau jirgin ƙasa na safe ya zo.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ni bakin da zan ce masa ya yafe mini.

Autarki,
Hadiza