Ba Shi Ke Yin Miyar Ba

Zuwa ga Majo, shugaban gidan likitar garinmu a yankin Illela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da duk ma'aikatanka. Ni ce matar mai lambun albasar nan da aka kawo muku shi a amalanke bayan girbin gero, bakinsa a karkace, hannun hagu ba ya motsi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Da damina ka auna shi, ka ce jininsa ya hau, ya rage gishiri. Shi kaɗai ka faɗa wa. Ranka ya daɗe, mutumin nan bai taɓa riƙe ludayin miya ba. Ni mai girkin ina gida, ba wanda ya aika a kira ni.

Na biyu. Da ya kawo saƙon, na yi abin da kowace mace a nan za ta yi. Na ajiye farin gishirin kasuwa, na koma gishirin Balma, wanda iyayenmu ke ɗauka magani ne. Miya ta yi lami, na ƙara dunƙulen magi. In ya yi kukan ciki, surukata ta jiƙa masa jar kanwa. Sai da ya faɗi a bakin rijiyar lambu sannan wata ma'aikaciyarka ta gaya mini, har da faɗa, cewa duk waɗannan suna tayar da jini. Wallahi na ji haushi, kuma har yanzu bai wuce ba.

Na uku. Kwano ɗaya yake ci da ƙannensa. Na ware masa nasa, ya ture, wai na mai da shi baƙo a gidan ubansa. Ba su jin tawa, amma za su ji taka.

Roƙona, in ka hana mutum gishiri, ka kira mai dafa masa. Ranar awo mata na cika rumfarku tun safe, a nuna musu abubuwan nan ido da ido. Ka kuma kira ƙannensa, su yarda a rage wa tukunyar gidan gaba ɗaya.

Kai ka ce in ya sake faɗuwa ba lalle ya tashi ba. Ni kuwa kullum sai na ɗora tukunya, kuma daga hannuna yake ci.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ladan wahalarka da mu. Wassalam.

Matar mai lambun albasa