Kajin da Na Binne a Jajiberin Suna

Zuwa ga Yayana Gambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rakiya da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya kuma gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Gyadi-Gyadi sai godiya. Matar ƙaninmu Habibu ta warware, jaririn ya ci suna Al-Amin, hancin ubansa ya ɗauko sak. Allah ya raya mana shi.

Na zauna rubutu ne saboda ranar da ka kira ni a waya ba ka bari na kai aya ba. Ka ce in je in ba Gwaggo haƙuri, ai kaji ne kawai. To, ga abin da ba a gaya maka ba.

Ka san tun da mijina ya rasu na dawo gida, kajin nan ne sana'ata. Da abincinsu ya fi ƙarfina, wata nas da nake kai wa ƙwai, Chiagoziem, ta ba ni tsutsa a gwangwani ta koya mini kiwonta. Ba tsutsar bola ba ce, Yaya. A roba take zama cikin busasshiyar dusar alkama, ba ta wari, sai dai in yanka mata karas ta tsotsi ruwansa. Wasu in bar su su rikiɗe su zama baƙaƙen ƙwari su hayayyafa, sauran in watsa wa kaji. Na jera robobin a ɗakin ajiya, kajin kuwa suka yi ɓul-ɓul, ƙwai ba fashi. Habibu kullum tsiya yake mini, wai mutane na kiwon tumaki, ni na ɓige da kiwon abin da ke jiranmu a kabari. Amma ban taɓa ganin ya mayar da farantin ƙwai ba.

Ana gobe suna Gwaggo ta iso don gyaran gida, ni kuma na tafi kasuwar Tarauni sayo musu kayan miya. Ta shiga ɗakin ajiyar don neman tabarmi, sai ta ga dusa na motsi. Habibu na tsaye a tsakar gida. Ya san ko mene ne, amma surukansa na hanya, kuma kunyar a ce an ga tsutsa a gidansu ta fi masa ni. Maimakon ya yi mata bayani, shi ne ma ya miƙa mata kwalbar maganin ƙwari na fiya-fiya, ta bi robobin ta zazzaga. Ka kuma san Gwaggo, ko ƙanzo ba ta iya ganin an zubar. Sai ta ce dusa mai kyau haka ba za ta tafi a banza ba, ta juye wa kajin.

Na dawo na tarar da su suna tangaɗi, yawu na dalala daga bakinsu. Habibu na tsugune da wuƙa yana bin su yana yankawa kada su zama mushe, har an ɗora ruwan figa, wai an samu naman da za a ƙara wa baƙi. Gwaggo ta ce an yi bisimilla an yanka, halal ne, wuta kuma za ta cinye gubar. Na ce mai jego za ta ci, yara za su ci. Ba wanda ya ko dube ni. Sai na kwashe su a buhu har da waɗanda aka fara figewa, na haƙa rami a bayan akurki na binne, na zauna a kan ramin har aka sauke ruwan. Ban yi hawaye ba sai da na ɗago kazar nan wake-wake, jikar kazar marigayiya Inna.

Ina zaune a kan ramin ne Gwaggo ta ce, a gaban matan da suka zo aiki, "Wadda ba ta haifa ba, ina za ta san darajar taron suna." Habibu ya duƙar da kai yana goge wuƙarsa.

An yi suna an watse lafiya, ba wanda aka kwasa zuwa asibiti. Da yake ba abin da ya sami kowa, labarin da ya zaga dangi har ya iso gare ka shi ne Hauwa'u ta yi rowa, ta gwammace ƙasa ta ci namanta da baƙin ƙaninta su ci. Wallahi wannan ya fi mutuwar kajin yi mini ciwo, kuma na ji haushinka da ka yarda tun kafin ka tambaye ni.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, zan ci gaba da durƙusawa in gaishe ta har ƙarshen raina. Haƙuri ne dai ba zan ba ta ba. Na kama ɗaki a Tarauni mai ɗan fili a baya, na riga na kwashe kayana. Na san ina da haƙƙi a gidan Baba, amma na gane zaman alfarma nake yi a cikinsa. In ka zo Sallah ka sauka a gida kamar kullum, kada dai ka ƙwanƙwasa ƙofata, ba kowa a ciki.

Ka gaishe mini da Anti Rakiya, da Sadiq da Abdulmalik, ka ce su dage da karatu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hauwa'u