Harara, Bindigar da Ka Koya Mana Mu Biyu

Zuwa ga Yayana, Haladu Maƙeri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Garba, daga Riyad. Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Ƙara na kawo maka, Yaya, kuma ta daɗe a wuyana. An kashe ka, an binne ka, an yi sadakar uku, an yi ta arba'in, ni ina nan ina ba da saƙon gaisuwa a kai maka. Duk wanda na kira a waya sai ya ce ka tafi gona, ko ka tafi cin kasuwa. Har tabarau na saya maka a kasuwar Batha, saboda ka taɓa ce mini idonka ya fara gaza bambance jan ƙarfe, na ba wani alhaji ya kai. Ashe kabari na aika wa tabarau. Wai sun ɓoye mini ne don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Da furfurata aka mai da ni yaron goye.

Wannan da shi kaɗai ne da na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne, da aka zo zaman sulhu da mutanen daji, 'yan bindigar nan, wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce gidan maƙera sun yafe jininka. Ba a tambayi matarka Hanne ba. Ba a tambayi 'ya'yanka mata ba. Ni da muka sha nono ɗaya ba a tambaye ni ba. Har yau kuma babu wanda ya yarda ya faɗa mini sunan mai wannan bakin.

Ka tuna Harara?

Shekarar da ɓarayin shanu suka dame mu ka ƙera ta. 'Yar guntuwa, ƙotar kirya, harsashi ɗaya take ci. Ka kai mu bayan gari, ni da Sule, marayan da Inna ta riƙe, wanda ke maka zuga a maƙera. Ka ɗora sakaina a kan suri, ka miƙo mini, ka ce ƙane ne zai fara.

Na runtse ido na ja. Sai na ji kamar jaki ya harbe ni a wuyan hannu, kunnena ya ɗauki ƙugi. Da hayaƙi ya washe sakaina na nan zaune lafiyarta lau, giginyar da ke hagu ce ta sha wahala, akuyar wani kuma ta tsinke igiya ta nufi gari. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. A nan ka raɗa mata suna, ka ce, "Wannan ai Harara ce, tana kallon gabas tana dukan arewa."

Ba ka gyara ta ba. Ka ce kowace bindiga da halinta, kamar mutum, sanin halin ne aikin. Ka tsaya a bayana, ka riƙe gwiwar hannuna, ka nuna mini yadda zan ba ta faɗin tafin hannu ta dama, in kuma saki numfashi kafin in ja. Har yau in na tuna ina jin warin gawayi na rigarka.

Sule ya riga ni iyawa, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Hannunsa ba ya rawa. Ni ina fama da giginya shi ya fasa sakaina, ka dafa kansa ka sa masa albarka. Na yi fushi ranar, na ƙi cin tuwo. Ka zo ka same ni a bayan rumbu, ka shafa mini man shanu a wuyan hannun da ya kumbura, ka hura mini iska a kunne wai don ƙugin ya fita. Kai kaɗai ka san yadda ake lallashina, ni mai taurin kai.

Da ɓarayi suka lafa ka ce ka gama da bindiga, daga yau sai fartanya da garma da lauje. Ka naɗe Harara a tsumma mai mai. Ni da Sule muka kawar da kututturen da uwar maƙera ke kai, ka haƙa rami, ka sa ta, muka mai da kututturen. Mu uku ne a ɗakin. Abin da ka ce lokacin shi ne, "Bindiga ba ta san ubangidanta ba, gara ta kwanta."

Ni kuma sai na bi duniya. Na yi waldar ƙofofi a garin nan har ido ya gaza, yanzu ni ne haris, mai gadin wani gini a unguwar Shumaisi, kusa da asibiti. Ina share bakin ƙofa, ina wanke motocin mutane, ina hawa da tukunyar gas bene, yaran gidan na kirana Ammu Bakar, wato Baffa Bakar, suna gyara mini Larabci.

Hanne ce ta gaji da ƙaryar da aka ɗora mata, Allah ya saka mata. Ita ta ba ni labari tana kuka. Mutanen daji sun aiko ka riƙa gyara musu makamai, ka ce kai fartanya kake ƙerawa. Sule kuwa ya riga ya fara kai musu kai. Ranar ka dawo daga gona da la'asar, ka tarar an ture kututture, rami wayam. Ka fito ƙofar maƙera, aka harbe ka daga bayan danga, can nesa, sau ɗaya, a ƙirji. Tsofaffin unguwa da suka ji ƙarar sun gane muryarta, amma kowa ya kama bakinsa.

To, Yaya, ka yi lissafi tare da ni. Mutanen daji manyan bindigogi gare su, me za su yi da wannan tsohuwar? Baƙo bai san ramin ba. Ko ya sani, da ya auna ka daga bayan danga bango zai samu. Wanda ya same ka a ƙirji ya ba ta tafin hannunta ta dama, ya kuma saki numfashi. Hannu biyu ka koya wa wannan a duniya. Ɗayan yana Riyad ranar, yana riƙe da ƙarfen walda.

Ban taɓa zaton zan gan shi a nan ba. Ran wata Juma'a bayan an sauko, ina Batha inda mutanenmu ke taruwa shan shayi, sai ga shi. Ya yi wuya, ya yi tumbi, farar jallabiya, ana ce masa Alhaji Sule. Wai Umara ya zo, ya biyo ya sari abaya da turare. Ya ce mini Yaya Garba, ya miƙo hannu. Na dubi hannun. Tabon ƙunar da ya samu a maƙerarka na nan a babban yatsa. Na mai da nawa baya.

Mutane suka yi caa, wai haba Baba, baƙo ne, an riga an yi sulhu. Wani ɗalibin jami'a ya jawo mini ayar yafiya, na ce masa ya buɗa gaba ko baya, littafin nan dai shi ya zo da ƙisasi. Na tambayi Sule a gaban kowa ina Harara. Ya yi murmushi, ya ce wa jama'a tsufa ne, a yi mini uzuri. Sannan ya biya wa kowa kuɗin shayi, har da nawa. Na zubar da shi a ƙasa.

Zaman ƙasar nan ya koya mini abu ɗaya: jini yana da mai shi. A nan manya da rawunansu ke zuwa ƙofar dangin mamaci suna roƙo, in sun ga dama su yafe, in ba su ga dama ba su ce a'a. Ba mai yafe wa wani jinin ɗan'uwansa kamar yana kyautar goron da ba nasa ba.

Ban yafe ba. Na je Makka na faɗa a gaban Ɗaki, na kira sunan Sule da na uwarsa. Ina so barci ya gagare shi. Ina so duk ƙofar da aka buga da ƙarfi ya ji muryar Harara. Ina so hannun nan da ba ya rawa ya wayi gari ya kasa kai loma baki. In ina shara da safe nakan ɗaga sandar tsintsiya in auna ƙofar gini, in ba ta tafin hannu ta dama. Hannuna rawa yake yanzu, Yaya, amma bai manta ba.

Kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce na tsufa, ba zai sabunta mini iƙama, takardar zama, ba, halas, an gama. Yana zaton baƙin labari ya ba ni. Gida zan koma. Kada ka ji tsoro, ba zan laɓe a bayan dangar kowa ba, ba haka ka rene ni ba. Ƙofar gidan Sule zan shimfiɗa buzuna da rana tsaka, in kama hannun Hanne da 'ya'yanka mu je gaban alƙali, a kore mu mu dawo.

Allah ya jiƙan ka, Yayana. Allah ya sanyaya maka ƙasa yadda ka sanyaya mini hannu a bayan rumbu, ya haɗa ka da Inna, ya ba ni kwanan da zan ga an tsayar da wanda ya zubar da jininka a gaban mutane.

Ƙanenka,
Garba.

Na san kai ba za ka amsa ba, Yaya. Amma takardar nan gida za ta, mutanen garinmu za su leƙa ta, kuma cikinsu akwai waɗanda suka zauna a wurin sulhun. To su faɗa mini. Wa ya miƙe ya yafe da sunana? Ina Harara take? Tabarau ɗin ma, a fuskar wa yake? Na daina karɓar "yi haƙuri". Wani ya buɗe baki ya ba ni amsa.